Wata Ukun da Illo Mai Walda Ya Yi Yana Jira

Illo ɗan Adar ne. An haife shi a wani ƙauye gabas da Tawa, inda tsakuwa ta fi ƙasa yawa, hatsin damina kuma ba ya kai gida bazara. Yana da shekara goma sha tara ya hau saman kamyon albasa ya shigo Yamai da riga biyu da sunan wani ɗan garinsu da har yau bai gano inda yake ba. Ya yi ga-ruwa, ya yi dako a kasuwar Katako, sannan wata rana a unguwar Harobanda, ƙetaren gulbi, wani dattijo ɗan Togo mai walda ya yafito shi ya ce ya riƙe masa ƙarfe. Riƙon da ya kai shi shekara bakwai ke nan. Da tsufa ya kama dattijon ya tashi komawa ƙasarsu, sai ya bar wa Illo rumfar da injin walda ɗaya da tabaran da gilashinsa ya tsage.

A rumfar nan ya zama mutum. Ƙofofi yake yi, da tagogi, da manyan ƙyamaren gida irin waɗanda mota ke shiga. Da gine-gine suka yi yawa a unguwar Koira Kano, magina suka riƙa nuna shi ga masu gida, suna cewa ƙofar Illo ba ta jan ƙasa ko ta shekara goma. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, idanunsa kullum jajaye saboda hasken wuta, hannuwansa duk ɗigo-ɗigon ƙuna. Ba shi da yawan magana. A fadar da maƙwabtansa ke dafa shayi bayan la'asar, yakan sha kofin farko ya miƙe, ya bar su da na biyu da na uku da gardamar kokowa. Ba malami ba ne, amma ba a taɓa jin sunansa a zancen mata ba.

Yana da shekara talatin da biyu ya auri Rahama. Iyayenta mutanen Maraɗi ne, amma a Tondibia ta tashi, a hannun gwaggonta, cikin lambuna a bakin gulbi. Ta fi shi Zabarmanci nesa ba kusa ba, kuma ba ta gajiya da kwaikwayon Hausarsa ta Adar har sai ya yi dariya. A gida take sana'arta: zoɓo da tsamiya da lemun citta, ta ƙulla a leda ta sa a firigo, matan unguwa su aiko a saya. Zamansu mai daɗi ne in ban da abu ɗaya. Cikin shekara tara Rahama ta yi ɓari biyu. Na uku ya cika watanninsa, namiji, ya zo babu rai. Illo da kansa ya rungume shi cikin farin ƙyalle ya kai makabarta, washegari kuma ya buɗe rumfa, domin bai san inda zai sa kansa ba.

Shekarar da wannan abu ya faru, Rahama ta sake samun ciki. Ba su faɗa wa kowa ba sai da ya fito ya faɗi kansa. Sajfam, wato ungozomar asibiti, takan auna ta duk wata ta ce komai lafiya. Cikin yana wata bakwai, tsakiyar damina, wani alhaji da Illo ya taɓa yi wa ƙyaure ya gina sito a Gaya, can kudu bakin iyaka, ya ce ba wanda zai haɗa masa ƙofofi sai shi. Aikin sati biyu ne. Rahama ta ce ya tafi, ai haihuwa da saura.

A bakin ginin akwai wata mai tuwo da shinkafa, Delu, mace sa'arsa, mijinta ya daɗe da rasuwa. Mai sakin fuska ce. Tun ranar farko da ta ji bakinsa ta sa masa suna Ba'adare, takan kuma ƙara masa miya ba tare da ya roƙa ba. Kwana goma sha ɗaya yana ci a rumfarta suna hira sama-sama. Ran Alhamis ta ƙarshe, bayan azahar, ruwa ya kece, wuta ta ɗauke, aiki ya tsaya, leburori suka watse. Iska tana kaɗo ruwa cikin rumfar, sai Delu ta ce ya shigo ɗaki ya fake. Ba wanda ya tilasta wa wani. Babu kwaroron roba a wurin, babu kuma wanda ya ambace shi. Daga baya Illo bai taɓa ɗora laifin a kan ruwa ko kan shaiɗan ba. Abin da yakan ce wa kansa shi ne, da ƙafarsa ya taka ya shiga.

Ran Asabar ya dawo Yamai. Rahama ta yi masa dambu da zogale, ta kama hannunsa ta ɗora a cikinta don ya ji motsi. Ran Lahadi ya kusance ta kamar yadda mijin da ya dawo daga tafiya yake yi, a can cikin ransa yana ganin kamar hakan zai shafe abin da ya wuce.

Ran Laraba ya fara jin ƙaiƙayi da zuga a gabansa. Kafin Juma'a ƙuraje masu ruwa sun fito a jere, suka fashe suka zama gyambo. Zazzaɓi ya rufe shi, kaluluwa ta tashi a matsematsinsa, fitsari ya koma kamar barkono. Ya ce wa kansa zafin wuta ne da gumi. Ya sayi kafso a hannun mai tallar magani, ya sha kwana biyu, abu sai gaba yake yi. Ran Litinin da safe ya ɗauki ƙarfe zai haɗa, zazzaɓi ya hana shi daidaita wuta har ya huda ƙarfen. Ya kashe inji, ya hau moto, wato babur ɗinsa, ya ƙetare gada, ya yi ta tafiya har wata unguwa a arewacin gari inda yake ganin ba wanda ya san fuskarsa, ya shiga wani ƙaramin asibiti.

Majo Yakuba, babban ma'aikacin jinya na wurin, Badamagare ne mai furfura a gemu, tabaransa rataye da igiya a wuya. Ya rufe ƙofa, ya sa safar hannu, ya duba, fuskarsa ba ta canza ba. Da ya wanke hannu sai ya zauna ya jawo wata 'yar kalanda da ke kan tebur.

"Yaushe?"

"Ran Laraba ya fara, Majo."

"Ba ƙurajen nake tambaya ba."

Illo ya sunkuyar da kai.

"Malam Illo, ni ba alƙali ba ne, ba kuma liman ba. Kwanaki nake so in ƙidaya, don da su zan san abin da zan faɗa maka."

Ya faɗa. Majo ya bi kalandar da yatsa: kwana goma sha ɗaya. Ya tambaye shi sau nawa, ya ce sau ɗaya. Da kwaroro? Babu. Ya ga wani ciwo a jikin matar? Bai duba ba. Ya san ko ta taɓa yin gwaji? Bai sani ba. Kafin ita akwai wata? Illo ya ce tun da ya yi aure babu.

"Waɗannan ƙurajen sunansu erpes," in ji majo. "Ba su kashe babba. Zan rubuta maka ƙwayoyi na kwana goma, za su bushe. Zan kuma yi maka allura saboda tunjere, tunda shi ma da gyambo yake farawa. Amma ka sani, ƙwayar erpes ba ta barin jiki. Takan kwanta a jijiya, ta tashi lokaci-lokaci, in ka gaji ko ka yi zazzaɓi. Mutane da yawa suna ɗauke da ita ba su sani ba. Wani yakan yi shekaru kafin ta fito masa, sai dai yadda ta zo maka da zazzaɓi da kaluluwa, kwana shida bayan Gaya, ta fi kama da sabon kamu."

Akwai sauran kalmar da Illo ya ƙetaro gada da ita. Da ƙyar ya fitar da ita.

"Sida fa, Majo?"

"Da ka zo cikin kwana uku, akwai maganin da ake sha wata guda, ya tare ta kafin ta zauna. Lokacinsa ya wuce. Yanzu sai lissafi da jira." Ya cire tabaran ya bar shi ya faɗa ƙirjinsa. "Ga lissafin. A ƙasar nan masu ɗauke da ƙwayar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Ko da matar tana da ita, saduwa ɗaya ba kasafai take isa ba, balle ga namiji mai kaciya. Abin da ya hana ni ce maka tafi ka huta shi ne erpes ɗin nan, domin inda akwai gyambo, hanya ta fi buɗewa. Haɗarin ƙarami ne. Amma ƙarami daban, babu daban."

Ya soki yatsan Illo, ya ɗiga jini a kan wani ɗan farin abu mai kama da tsinke. Suka zauna minti goma sha biyar suna jiran sakamako. Layi ɗaya ya fito. Majo ya ce wannan yana nufin babu, amma shekarun baya kawai ya wanke, bai ce komai game da Gaya ba, domin ƙwayar takan ɗauki lokaci kafin ta nuna a jini. Sai ya dawo bayan sati shida, sannan bayan wata uku. Na wata ukun shi ne ƙarshen magana.

"Kana da iyali?"

"Ina da."

"Tun dawowarka ka kusance ta?"

"Sau ɗaya. Kafin ƙurajen." Sannan Illo ya ƙara da cewa, "Tana da ciki, Majo. Wata bakwai."

Majo Yakuba ya aje biro.

"To, yanzu magana ta tashi daga kanka. Erpes ga babba ciwon kwana goma ne. Ga jaririn da uwarsa ta kamu da ita gab da haihuwa, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, tana iya kashewa. Ana iya tsare shi, muna tsarewa kullum. Amma sai sajfam ta sani, sai kuma uwar ta san abin da za ta lura da shi a jikinta."

"In na ce mata a ban-ɗakin tasha na ɗauko?"

"Ba a ɗaukarta a ban-ɗaki. Sajfam kuma ba za ta yi mata ƙarya ba in ta tambaya. Yadda za ka faɗa, wannan naka ne. Amma kada ya wuce gobe. Ita ma matar Gaya ka neme ta ka faɗa mata, tana da haƙƙin ta sani."

Bai bari ya kai gobe ba, don ya san in ya kwana da maganar zai samo mata wata ƙarya. Bayan la'asar ya tarar da Rahama a tsakar gida, ta miƙe ƙafafu a kan tabarma, bokitin zoɓo a gefenta, tana ƙulla leda. Ya tsuguna nesa da ita kamar baƙo. Ya fara daga ruwan sama, ya ga yana neman yin kewaye-kewaye, sai ya yanke ya faɗi abin kai tsaye: Gaya, matar, ƙurajen, abin da majo ya ce.

Rahama ba ta yi kuka ba. Ta ƙarasa ƙullin da ke hannunta, ta jefa cikin kwano, ta goge yatsunta a zani.

"Yaron fa?"

"Ya ce ana iya tsare shi. In sajfam ta sani."

"Ran Lahadin nan da ka kusance ni, ka san kana da ciwon?"

"Ban sani ba."

"Amma ka san abin da ka yi."

"Na sani."

Ta rufe bokitin. Sannan ta ce, "Gobe ƙarfe bakwai, Malam. Ka kai ni." Da ta tashi za ta shiga ɗaki, sai ta tsaya a bakin ƙofa ba ta waiwayo ba. "Ka kwashe shimfiɗarka zuwa zaure."

Washegari sajfam ta duba ta, ba ta ga komai ba. Gwajin jini ya nuna layi ɗaya. Ta ce wa Rahama in ta ji ƙaiƙayi ko zuga ko zazzaɓi, ko da ran Juma'a ce, ta zo nan take. Ta ce in ciwon ya bayyana za a sa ta kan magani har haihuwa, in kuma naƙuda ta zo da ƙuraje, sai a fid da yaron ta hanyar aiki don kada ya bi ta wurin. Rahama ta saurara, ta sa aka maimaita mata sau biyu. Illo yana tsaye a waje jikin bishiyar dogon yaro, cikin mazan da suka rako matansu suna raha.

Kiran Delu ya ɗauke shi kwana uku. Ran da ya samu ƙarfin hali, da tsakar rana, ya gangara bakin gulbi inda masu wankin kaya ke shanya, ya nemi inuwa ya danna lambarta. Ta ɗauka da fara'arta, "Ba'adare, ka tuna da mu?" Ya faɗa mata abin da ya fito masa da sunan da majo ya kira shi. Ya ce ya kamata ta je a duba ta, har da gwajin sida.



"Kana tsaye ko kana zaune?" in ji Delu.

"Ina tsaye."

"Zauna. Ni ba sai na yi gwaji ba. Shekara bakwai ke nan ina da ƙwayar. Maigidana ne ya kawo ta, ita ce kuma ta tafi da shi, don ya ƙi magani. Ni ban ƙi ba. Kullum da safe nake sha, ban taɓa tsallake wata ba. Likita ya ce ba a ganinta a jinina, ya ce ba na shafa wa kowa."

Illo ya zauna a kan jiƙaƙƙen yashi.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Ka tambaya? A Gaya mutum uku ne suka sani. In aka ji, wa zai sake cin tuwona?" Muryarta ta yi ƙasa. "Ƙurajen dai, wallahi ban san suna da suna ba. Wani lokaci nakan ji ɗan ƙaiƙayi, in ɗauka zafi ne, ya wuce. Wannan kam ka yafe mini. Zan faɗa wa likitana."

"Matata tana da ciki," in ji Illo.

"Ba ka faɗa mini ba kai ma."

Jim kaɗan bayan sun aje waya, hoto ya shigo salularsa: wata takardar asibiti mai hatimi.

Bai san yadda ya ƙetare gada ba. Ya tarar da layi a ƙofar majo, ya zauna yana jira, gumi na zuba. Da ya shiga bai ko gaisa ba, ya miƙa salular. Majo Yakuba ya sa tabarau, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya duba suna, ya duba kwanan wata, wanda bai wuce wata biyu ba, ya tsaya kan wata kalmar Faransanci.

"Ka san abin da wannan ke nufi? An nemi ƙwayar a jininta ba a gan ta ba. Maganin ya danne ta. Wanda yake haka, kuma yake riƙe da maganinsa, ba ya shafa wa abokin kwanciyarsa. Ba faɗata ba ce, an bi dubban ma'aurata shekaru ana dubawa."

"Amma tana da ita, Majo."

"Tana da ita. In ka tambaye ni, na fi samun natsuwa yau da ran Litinin. Ran Litinin ban san komai game da matar ba. Yau na san ta san halinta, tana kuma kula da kanta. Wadda nake tsoro ita ce wadda ba ta taɓa gwaji ba." Ya mayar masa da salular. "Amma takarda ta wata biyu da suka wuce ba za ta hana mu namu gwajin ba. Sati shida, wata uku, yadda muka ce."

A hanyar gida Illo ya yi ta juya maganar. Rahama ta riga ta san abin da ya wajaba ta sani. Wannan kuwa zai iya binne shi, babu mai tona masa. Amma ya ga in ya ɓoye, ya sake yanke mata hukunci a kan jikinta ba da saninta ba. Ya faɗa mata da yamma, ya nuna mata hoton, ya maimaita bayanin majo yadda ya iya. A ranar ce kawai ya ga hawayenta. Washegari ba ta nemi ya kai ta ba. Ta sa hijabi ta hau taksi ta je wurin sajfam da tambayoyinta. Da ta dawo ta tarar da shi a zaure, ta tsaya a kansa.

"Ta ce gaskiya ne abin da majonka ya faɗa." Ta gyara tsayuwa, hannu a ƙugu saboda nauyin cikin. "Ka ga matar nan da take haɗiyar maganinta kullum da safe? Ita ta tsare ni da abin da ke cikina, Malam. Ba kai ba."

Ta wuce ciki. Maganar ta zauna masa fiye da duk wani zagi da ya zata zai sha.

Ƙurajen sun bushe cikin sati biyu, amma jiran bai bushe ba. Illo ya koma mai lura da jikinsa kamar mai gadin gona. In ya yi tari sau biyu sai ya ƙirga. In ya ga bel ɗinsa ya saki, sai gabansa ya faɗi, ya manta rabon da ya ci abinci ya ƙoshi. Wata rana mura ta kama shi, ya rufe rumfa ya tafi wurin majo, majo ya ce rabin Yamai na mura, ya koma bakin aikinsa. Ya daina zama fada ko na kofin farko. Rahama tana dafa masa abinci, tana aje masa ruwan wanka, tana amsa gaisuwarsa. Ba ta sake kwaikwayon Hausarsa ba. Kowace safiya yakan tambaye ta, "Babu komai?" Ta ce, "Babu." Iyakar hirarsu ke nan.

Da sati shida suka cika, kowannensu ya yi gwaji, kowanne layi ɗaya. Rahama ba ta taɓa ganin ƙurji ko ɗaya ba. Ƙarshen watan Oktoba, wata Talata da hantsi, naƙuda ta kama ta. Sajfam ta duba ta da fitila kafin komai, ta ce hanya lafiya, ta sake gwada jininta, babu. Kafin la'asar ta haifi mace. Illo yana waje ya ji kukan, bai yarda nasu ba ne sai da aka kira sunansa. Da aka miƙa masa ita sai ya ja baya, ya ce a ba shi ruwa da sabulu tukuna. Ya wanke hannu har gwiwar hannu, sannan ya karɓe ta ya yi mata huɗuba a kunne, muryarsa tana karyewa. Ran suna aka raɗa mata Nafissa.

Washegarin suna Rahama ta tafi wankan jego wurin gwaggonta a Tondibia. Ba wanda ya ga wani abu a ciki, al'ada ce.

Tsakiyar Nuwamba wata uku suka cika. Majo Yakuba ya soki yatsan, suka sake zaman minti goma sha biyar. Layi ɗaya. Majo ya rubuta a takarda, ya buga hatimi, ya ce, "Wannan ta ƙare. Ɗayar kuwa, erpes, taka ce har abada, sai ka koyi zama da ita. In ka ji zugar nan ta fara, ka nisanci iyali har ta warke sarai, ka sha magani da wuri. Tsakani kuma kwaroro yana rage haɗari, ko da bai kawar da shi duka ba. Ku yi shawara ku biyu."

Daga nan Illo bai tsaya ko'ina ba sai Tondibia. Gulbi ya cika ya shigo har gindin mangwarorin lambu. Ya gaida gwaggo, ya aje sabulu da nama, aka shigar da shi ɗakin mai jego. Rahama tana shayar da yarinya. Ya miƙa mata takardar. Ta karanta har ƙasa, ta linke ta huɗu, ta mayar masa.

"Alhamdu lillahi," ta ce.

"Yaushe za ku dawo?"

"Arba'in ba ta cika ba."

Arba'in ta cika ta wuce. Wata biyu, wata uku. Duk Juma'a bayan masallaci yakan hau moto ya je, ya zauna a ƙofar ɗaki da Nafissa a cinyarsa har inuwa ta yi tsawo, ya yi sallama ya tafi. Bai sake tambayar ranar dawowa ba. Gwaggo ta fara tsarguwa, ta tsare Rahama da tambaya ko wani abu ya haɗa su. Rahama ta ce babu, jiki ne bai koma ba. Har yau, ban da majo da sajfam da Delu, babu wanda ya san maganar.

Sai da yarinya ta yi wata biyar, zafi ya fara, wata Juma'a ya iso ya tarar da kaya a ɗaure a tsakar gida. Rahama ta ce ya nemo taksi. A cikin motar, suna gab da shiga gari, ta ce da shi a hankali, idonta a kan hanya, "Na dawo ne saboda ka faɗa mini da bakinka, har abin da za ka iya ɓoyewa. Amma kada ka ɗauka na manta." Ya ce bai ɗauka ba.

Yanzu Illo yana da shekara arba'in da uku. Yana nan a rumfarsa, ya ƙara inji na biyu. Erpes takan ziyarce shi sau biyu ko uku a shekara, ba da ƙarfin farko ba. Karo na farko da ta tashi bayan dawowar Rahama, ya yini yana neman yadda zai faɗa. Da la'asar ya same ta a madafa tana jajjaga tattasai, Nafissa a goye, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ciwon ya motsa," ya ce.

Ba ta ɗago ba. "Akwai sauran ƙwayoyin?"

"Sun ƙare."

"To ka je farmasi tun ba a rufe ba. Ka biya ta kasuwa ka sayo mini albasa, ta gidan ta ruɓe."

Ya ɗauki makullin moto ya fita.